Yadda Matafiyi Zai Tanadi Takardun Shaidarsa Kafin Fita Ƙasar Waje da Yadda Zai Riƙe Su a Can

Duk wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa, ko don yawon buɗe ido, ko Umara, ko ziyarar 'yan'uwa, ko saro kaya, ya shiga wurin da babu mai unguwa ko limamin da zai tsaya masa shaida. Abin da zai yi magana a madadinsa a gaban jami'in shige da fice, da ɗan sanda, da ma'aikacin otal, da likita, shi ne takardun da ke hannunsa. Ya kamata tun farko a fahimci cewa katin zaɓe, da takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, da katin wurin aiki, duk da amfaninsu a gida, ba su da nauyi a Jidda ko Dubai ko Alƙahira ko Paris. Fasfo ne kaɗai shaidar da kowace ƙasa ta yarda da ita, sauran takardun kuwa mataimakansa ne, kuma amfaninsu ya rataya ne a kan dacewarsu da abin da ke rubuce a cikinsa.

Mataki na farko shi ne a ɗauko fasfon a duba ranar da zai daina aiki, kuma a yi hakan kafin a biya kuɗin tikiti. Fasfon Najeriya na zamani, wanda Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta fara bayarwa a 2019, yana zuwa ne da shafi 32 mai wa'adin shekara 5, ko shafi 64 wanda wa'adinsa ke kaiwa shekara 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa muddin ranar ƙarewar ba ta zo ba, fasfon yana da kyau. Ƙasashe da yawa, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar, suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla a lokacin da mutum zai shiga. Ƙasashen Turai 29 da ke cikin yarjejeniyar Schengen nasu lissafin daban ne: suna so ya kasance da sauran wata uku bayan ranar da mutum zai bar yankin, kuma a ce an ba da shi ne cikin shekaru goma da suka wuce, sannan ga mai neman biza dole a sami shafi biyu da babu komai a kansu. Kamfanin jirgi ne zai fara aiwatar da wannan doka tun a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe ko na Diori Hamani da ke Yamai, domin idan ya ɗauki wanda takardunsa ba su cika ba, shi za a ci tara, kuma shi zai dawo da mutumin. Shawarata ita ce duk fasfon da sauran wa'adinsa bai kai wata tara ba a sabunta shi, saboda neman biza kansa yakan ci makonni. A kuma duba lafiyar littafin: wanda ruwa ya jiƙa, ko shafin hotonsa ya fara ɓanɓarewa, ko yaro ya yi zane a ciki, ana iya ƙin karɓarsa ko da saura shekara takwas ya ƙare.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne jawo wa mutanenmu wahala, shi ne daidaita suna da ranar haihuwa a dukkan takardu. Mu mutane ne da mutum ɗaya kan amsa suna uku ko huɗu: sunan yanka, da sunan mahaifi, da sunan kaka, da sunan gari, wani lokaci har da laƙabi. A makarantar firamare an rubuta shi Muhammadu Sani, a sakandare ya koma Mohammed Sani Gwarzo, a banki kuma Sani Muhammad, kuma duk shi ne. A gida kowa ya gane, amma kwamfutar kamfanin jirgi da ta ofishin jakadanci ba su san haka ba. Harafi suke kwatantawa da harafi. Don haka sai a ɗauki shafin hoton fasfo a matsayin ma'auni, a dubi layuka biyu na haruffa da lambobi da ke can ƙasan shafin, waɗanda na'ura ke karantawa, a tabbata tikiti da biza da inshora da katin rigakafi da takardar kama ɗaki a otal duk sun bi wannan rubutu da wannan jerin, musamman wajen tantance wanne ne sunan iyali, wanne ne sunan mutum. Wanda ejan ya yankar masa tikiti kada ya bar ofishin sai ya karanta sunan da idonsa, domin gyara a ranar ya fi sauƙi da araha fiye da gyara a gaban kantar jirgi.

Tun da yanzu ba a yin fasfon Najeriya sai da lambar NIN, kuma dole bayanan su zo ɗaya, wanda yake da saɓani tsakanin biyun sai ya fara zuwa ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, ya gyara, sannan ya nufi ofishin fasfo. Macen da ta sauya sunan mahaifinta da na miji bayan aure, alhali bizarta ko takardar makarantarta na ɗauke da tsohon suna, ta riƙe takardar aure ko takardar rantsuwa ta kotu a kan sauyin sunan. Wani abu kuma da ake raina shi: mutum ya haddace ranar haihuwar da ke cikin fasfonsa. Dattawa da yawa an ƙiyasta musu ranar ne aka rubuta 1 ga Janairu, kuma idan jami'i ya tambaya suka faɗi wata daban, an buɗe ƙofar tambayoyin da ba a shirya musu ba.

Mataki na uku shi ne biza da takardun da ke mara mata baya. Idan an manna ta a fasfo, a karanta ranar da ta fara aiki, da ranar ƙarewarta, da yawan kwanakin da aka yarda a zauna, da kuma ko shiga ɗaya ce ko fiye, domin waɗannan abubuwa huɗu ne mabambanta. Biza tana iya zama mai wa'adin shekara guda amma ta ba da izinin zaman kwana 30 kacal, kuma a yankin Schengen baƙo ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Idan bizar ta intanet ce, irin wadda ake bayarwa don Umara, a buga ta a takarda kwafi biyu, kada a dogara ga waya kaɗai, domin caji yakan ƙare a lokacin da aka fi buƙatarsa. Wanda bizarsa mai rai take cikin tsohon fasfon da ya ƙare, kamar yadda yakan faru da bizar Amurka, sai ya tafi da tsohon da sabon tare, kuma kada ya kuskura ya ɓanɓaro ta don ya mayar cikin sabon, domin hakan kashe ta ne.

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce. Jami'in da ke kan iyaka shi ke da ikon cewa a shiga. Saboda haka a haɗa tikitin dawowa, da adireshin masauki, da wasiƙar gayyata tare da lambar wayar mai masaukin idan gidan wani za a sauka, da shaidar kuɗin guzuri, a sa su cikin jakar hannu, ba cikin akwatin da aka auna aka tura cikin jirgi ba. Mai bizar Schengen ya riƙe takardar inshorar lafiya wadda ƙimarta ba ta gaza Yuro 30,000 ba. A kuma lura da ƙasar da jirgi zai yada zango: 'yan Najeriya da 'yan Gana suna cikin waɗanda ake neman bizar yada zango daga gare su a filayen jiragen Schengen ko da ba za su fita daga filin ba, sai dai idan suna riƙe da wata biza ko izinin zama da ya ɗauke musu wannan sharaɗi. Tikiti mai araha da ya bi ta Frankfurt ko Amsterdam yana iya zama asara idan ba a duba wannan ba.

Mataki na huɗu shi ne katin rigakafi mai launin rawaya, wanda ga mai tasowa daga yankinmu kusan matsayinsa ɗaya da fasfo. Allurar cutar shawara ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yinta, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai cika sharaɗi ba. Tun daga 11 ga Yulin 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, babu buƙatar maimaitawa bayan shekara goma kamar da. A Najeriya sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ke ba da katin, kuma tun 2019 aka koma sabon kati wanda ake iya tantance sahihancinsa ta na'ura. Gana da Kamaru da Nijar suna tambayar sa, haka Afirka ta Kudu da Indiya ga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma a Indiya wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida. Mai zuwa Hajji ko Umara ana ƙara neman shaidar allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda aka yi kwana 10 aƙalla kafin isa, ga kuma rigakafin shan inna ga masu fitowa daga Najeriya. Masu sayen kati ba tare da an yi musu allura ba suna cutar kansu sau biyu: ba su da kariya daga cutar, kuma suna yawo da takardar jabu a ƙasar da ba su da kowa.

Mai tafiya ta mota cikin Afirka ta Yamma lamarinsa ya ɗan bambanta, kuma a nan ne aka fi sakaci, tun da mutumin Katsina da zai shiga Maraɗi ta Jibiya, ko na Sakkwato da zai shiga Birnin Ƙonni ta Illela, ba ya jin ya bar gida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, amma ba ta ɗauke wajabcin riƙe takardar tafiya da katin rigakafi ba; ko dai fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa. Tun daga 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, sun kuma fito da fasfon ƙawancensu na AES, yayin da ECOWAS ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta har sai an ba da wata sanarwa. A irin wannan yanayi na sauyi, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a riƙe cikakken fasfo, kuma a tsaya a kan iyaka a buga hatimin shiga. Wanda ya bi ta bayan gari don gudun jinkirin rabin sa'a, ranar da aka tare shi a cikin ƙasar ba shi da hujjar da zai nuna cewa ta halastacciyar hanya ya shigo. Kamaru da Cadi ba sa cikin ECOWAS, don haka takardar tafiyar ƙungiyar ba a yi ta dominsu ba.

Mataki na biyar shi ne tanadin shaida ta biyu mai hoto, wadda za ta zauna a wani wuri daban da fasfo. Lasisin tuƙi ko katin ɗan ƙasa sun isa. Ba za su shigar da mutum wata ƙasa ba, amma ranar da fasfo ya ɓace su ne za su taimaka wa ofishin jakadanci ya gaskata shi. Wanda zai yi hayar mota ya nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, ya kuma sani cewa ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da lasisin ƙasarsa na asali. Yara, har jarirai, kowanne da nasa fasfon, a haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Idan yaron yana tare da mahaifi ɗaya ne, ko gwaggo, ko kawu, ko kaka, a riƙe wasiƙar amincewar iyaye mai sa hannu da kwafin fasfonsu, musamman da yake sau da yawa sunan ƙarshe na uwa da na ɗanta ba ɗaya ba ne. Mai shan magani kullum ya karɓi wasiƙar likita mai ɗauke da sunansa kamar yadda yake a fasfo, ya bar maganin cikin kwalinsa na asali, domin magunguna irin su tramadol da kodin suna iya kai mutum kurkuku a Masar da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Daga nan sai kwafi. A yi kwafi mai launi na shafin hoton fasfo, da biza, da katin rigakafi, da inshora. A bar ɗaya a gida wurin wanda ake iya samu a waya kowane lokaci, a sa ɗaya cikin akwati, ɗaya a aljihu, sannan a ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel don a iya buɗewa ko da wayar ta salwanta. A haɗa da ƙananan hotuna huɗu masu farin bango, da takarda da aka rubuta adireshi da lambar wayar ofishin jakadancin ƙasar mutum da hannu. Bayan isa, idan an buga hatimin shiga, a ɗauki hotonsa shi ma.

Tambayar da ta fi rikita matafiya bayan an sauka ita ce: a fita da fasfon na asali ne, ko a bar shi a masauki a fita da kwafi? Amsar tana wurin dokar ƙasar da aka je, kuma dokokin ba ɗaya ba ne. A Japan wajibi ne baƙo ya kasance da fasfonsa na asali a jikinsa kowane lokaci, kuma tarar rashin hakan tana iya kaiwa Yen 100,000. A Sin duk baƙon da ya kai shekara 16 dole ya riƙe nasa, da shi ake hawa jirgin ƙasa da kama ɗaki, kuma wanda ya sauka a gidan wani maimakon otal, kamar yadda wasu 'yan kasuwarmu ke yi a Guangzhou, wajibi ne ya yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin sa'a 24. A Italiya da Faransa doka ta ɗora wa baƙo nuna takardun da ke halatta zamansa idan jami'i ya nema, a Holan kuwa wajabcin nuna shaida yana hawa kan duk wanda ya kai shekara 14, kuma kwafi ba ya wadatarwa. Turkiyya ma tana so kowa ya riƙe shaida mai hoto. A Ingila babu dokar da ta tilasta yawo da shaida a titi. A Saudiyya lokacin Hajji, tun daga 2024, katin Nusuk ne shaidar alhaji a Makka da Mina da Arafa, kuma bai kamata ya rabu da wuyansa ba ko da zai je sayen ruwa ne.

Ra'ayina shi ne inda doka ta ce a riƙe na asali, a riƙe shi, kada a yi wayo. Inda kuma ba ta ce ba, matafiyi daga Afirka ya yi la'akari da gaskiyar cewa an fi tare shi a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyakokin cikin Turai fiye da wasu, don haka duk ranar da zai bar garin da ya sauka, ko zai canji kuɗi, ko zai sayi layin waya, ko zai je asibiti, ya tafi da fasfon. Ranar yawon kasuwa ko bakin teku a ƙasar da doka ta sassauta, sai ya kulle shi a akwatin ajiyar otal, ya fita da kwafi da lasisin tuƙi da katin otal mai adireshi. Idan za a fita da shi, a sa shi cikin leda mai hana ruwa, a cikin lalita ko jakar wuya a ƙarƙashin riga. Aljihun gefe na kaftani da jakar da ake ratayawa a baya su ne wuraren da 'yan sane suka fi so, musamman a cunkoson ɗawafi da cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa. Iyali kuma kada su tara dukkan fasfonsu a jaka ɗaya, domin idan ta tafi, tafiyar kowa ta tsaya.

Sai batun wanda ya halatta a miƙa wa fasfo. Jami'in shige da fice, da ɗan sanda mai kaki ko wanda ya nuna katin aikinsa, da ma'aikacin jirgi, suna da hurumin dubawa. Otal yana da hurumin rubuta bayanan baƙo ko ɗaukar kwafi, tun da a ƙasashe irin su Italiya da Sifen doka ce ta sa su kai rahoton baƙinsu ga hukuma, amma a tsaya a karɓi abu bayan an gama. Fasfo mallakar gwamnatin da ta ba da shi ne, saboda haka ba a jinginar da shi wurin mai hayar babur, ko mai shago, ko wanda ke bin mutum bashi, ko ejan da ya ce zai ajiye don tsaro. Idan wani cikin farin kaya ya tare mutum a titi ya ce shi jami'i ne, ya nemi fasfo da walat, a nemi ganin katinsa cikin ladabi, a kuma ce an yarda a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa a yi binciken a can. Na gaskiya ba zai ƙi ba.

Idan ƙaddara ta faɗa fasfo ya ɓace, a fara da bincika masauki da wurin da aka fito, sannan a je ofishin 'yan sanda na yankin a ba da rahoto, a karɓi takardar rahoton a hannu. Da ita, da kwafin fasfo, da shaida ta biyu, da hotunan da aka tanada, da tikitin dawowa, sai a nufi ofishin jakadanci. Ɗan Najeriya da ke Saudiyya zai sami ofishin jakadancin ƙasarsa a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, wanda ya fi kusa da masu Umara. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa akwai a Abu Dhabi da Dubai, a Sin kuma akwai a Beijing da Shanghai da Guangzhou. Abin da ake bayarwa cikin gaggawa shi ne takardar tafiya ta wucin gadi, wadda ke dawo da mutum gida sau ɗaya kawai, ba a ci gaba da yawo da ita zuwa wata ƙasa, don haka a tambayi kamfanin jirgi ko ƙasar da za a yada zango tana karɓarta, idan ba ta karɓa a sauya hanya. A wasu ƙasashen sai an koma hukumar shige da ficensu an sami izinin fita, tun da hatimin shiga ya tafi tare da fasfon, kuma a nan ne hoton hatimin da aka ɗauka yake rage wahala. Fasfon da aka riga aka ba da rahoton ɓacewarsa ana soke shi, ana kuma iya shigar da lambarsa cikin rumbun bayanan 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol, saboda haka ko an tsince shi daga baya kada a yi tafiya da shi. A miƙa shi ga ofishin jakadanci ko hukumar shige da fice, a adana takardar rahoton 'yan sandan, domin za a neme ta lokacin neman sabon fasfo a gida, da kuma lokacin neman a sake ba da bizar da ta ɓace tare da tsohon.